Ba Kowane Ciwon Kafaɗa Ne Sanyi Ba

A shagunan kemis na Kano ko Gusau, idan mutum ya ce kafaɗarsa ta hana shi barci, amsar kusan ɗaya ce: "Sanyi ne." Sai a ƙulla masa ƙwayoyi a farar leda, ya sha, raɗaɗin ya lafa na kwana biyu, ya dawo. Wannan al'ada tana cutar da jama'a, domin abubuwan da ke kawo ciwon kafaɗa da damtse sun sha bamban, kuma alamominsu ba a ɓoye suke ba.

Duk jikin ɗan Adam babu gaɓar da ta kai kafaɗa sakewa. Kan ƙashin damtse yana zaune ne a wani gurbi marar zurfi, tsokoki 4 da jijiyoyinsu ne suke riƙe da shi. Mai yaɓen silin, mai fenti, matar da ta shekara 30 tana ɗaga taɓarya, duk waɗannan jijiyoyin suke gogewa har su kumbura ko su yage. Mai irin wannan ciwo yakan ji shi a gefen damtse, ya tsananta idan ya miƙa hannu sama ko ya kwanta a kan ɓangaren. Amma idan wani ya kama hannun ya ɗaga masa, yakan ɗagu.

Wanda aka fi yi wa rashin fahimta shi ne sandarewar kafaɗa, wadda likitan Faransa Duplay ya bayyana tun 1872. Jakar da ta lulluɓe gaɓar ce take kauri ta tsuke. Da fari ciwo ne mai hana barci, daga baya raɗaɗin ya ragu, hannun ya ƙi motsi. Mace ta kasa ɗaura ɗankwali, namiji ya kasa zura hannu a aljihun baya, ko wani ya ɗaga masa ba zai ɗagu ba. Ta fi kama masu shekara 40 zuwa 60, ta fi yawa ga mata, kuma takan ɗauki shekara 1 zuwa 3 kafin ta saki. Masu ciwon suga sun fi kowa kamuwa da ita, har akwai waɗanda ta dalilin kafaɗar ake gano sugansu ya hau. Saboda haka duk dattijon da kafaɗarsa ta sandare haka kawai ya kamata a fara auna masa suga. Abin baƙin ciki, cikin haɗin da ake ƙullawa akan samu Dexamethasone ko Prednisolone, masu ƙara hawan sugan. Diclofenac da Ibuprofen kuwa, yawan shansu yana kawo gyambon ciki, yana lalata ƙoda.

Wani ciwon ma ba daga kafaɗar yake ba. Idan yana saukowa daga wuya har yatsu, da jin hannu ya yi dindiris ko suka kamar ta allura, jijiyar wuya ce ta matsu. Tsakuwar matsarmama takan aika ciwo allon kafaɗar dama. Mai sikila kuma, a kafaɗar kanta matsalar take: ƙarancin jini zuwa kan ƙashin damtse yana iya kashe ƙashin a hankali.

Akwai wanda ba ya jiran gari ya waye: ciwon hannu, musamman na hagu, tare da nauyin ƙirji, gumi da sarƙewar numfashi. Wannan na iya zama bugun zuciya, asibiti za a nufa nan take.

Maɗora suna da matsayinsu a al'umma, amma ɗaure kafaɗar da ta riga ta sandare na tsawon makonni ƙara mata tauri yake yi, fizgar ta da ƙarfi kuma yana iya yaga jijiya. Abin da yawancin masu ciwon nan suke buƙata shi ne motsa gaɓar a hankali ƙarƙashin kulawar likitan fisiyo, kaɗan ne ake kaiwa ga tiyata. Asibitin Ƙashi na Dala da asibitocin koyarwa suna da wannan sashe, sai dai mutumin ƙauye ba zai iya zuwa birni duk mako ba. Ya kamata gwamnatocin jihohi su kai likitocin fisiyo manyan asibitocin ƙananan hukumomi, a kuma koya wa ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi su riƙa auna sugan duk wanda ya zo da sandararriyar kafaɗa.