Wa zai rubuta labarin 'yan bidarmu?

Jama'a masu saurare, yau da alƙalami nake tafe, ba da makirfo ba.

A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Galibinsu mata ne da yara, da yawa daga yankin Kance. A 2015 aka kafa dokar hana safarar baƙin haure, a Nuwamban 2023 aka soke ta. Tun 2019 kuma dubban 'yan uwanmu na Sakkwato, Zamfara da Katsina suka gudo yankin Gidan Rumji saboda 'yan bindiga, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori.

Duk wannan mun ji shi a labaru. Amma labaru lissafi suke ba mu. Ba sa faɗa mana abin da uwa ke ji ranar da ta sayar da akuyarta ta ƙarshe don ta biya dillalin hanya. Ba sa bin saurayin Agye ko na Gazawa da aka sauke a iyakar Aljeriya, ya taka kilomita 15 a ƙasa zuwa Asamaka, yana tunanin da wane ido zai kalli mutanen gida. Wannan aikin marubucin ƙagaggen labari ne.

Kuma ba sabon abu ba ne. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, uwa ce ta keta sahara neman ɗanta har ta faɗa bauta. Abdoulaye Mamani ya fitar da Sarraounia a 1980, ya dawo mana da yaƙin Lugu na 1899. Su sun yi nasu. Namu zamanin fa?

Marubuta muna da su. Abin da ba su da shi, mai biya. Wanda ke rubutu da kansa, ba albashi, ba kamfanin ɗab'i a bayansa, shi ke biyan kuɗin buga littafi, shi ke yawon talla. Mutum ɗaya ya saya, ya ɗauki hoton shafukan, ya watsa a WhatsApp. To da me zai je Agadas ya zauna da direbobi, ya ji ta bakinsu? Dole ya koma labarin soyayya, wanda ake rubutawa daga ɗaki.

Mu 'yan rediyo, duk littafin da za mu karanta wa masu saurare, mu nemi izinin mai shi, mu biya shi, mu faɗi inda ake sayarwa. Ku kuma, jikka ɗaya ko biyu da kuke zubawa a katin waya ta isa sayen littafi.

Yarinyar da ta ji labarin hanyar Arlit da harshenta, cikin dare a gaban rediyo, za ta yi dogon tunani kafin ta hau motar. In ta hau ma, ta san abin da ke gabanta.