Ra'ayinmu: A daina cinikin biri a sama wajen aiko kayan gyara daga Kano

Sanin kowa ne cewa a gundumomin Magariya da Dungas kasuwa ba ta ci sai da inji. Mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa tana jiran injin markaɗe, haka mai ƙosai da mai awara. Mai ƙanƙara da zoɓo ta dogara da firji, tela da kekensa, ɗan kabu-kabu da babur ɗinsa, manomin rake da kayan lambu a fadamun Bande da Waca kuwa da injin ban-ruwa. Ranar da wani ɗan ƙaramin ƙarfe ya karye, boris ne ko faranti ko ringi, sai ka ga sana'ar mutum goma ta tsaya cik, tukunyar gida goma ta ƙi ɗoruwa. Sau da yawa kuma ƙarfen nan babu shi a gari, sai an aika ƙetaren iyaka.

Aikawa Kano ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Daga Magariya zuwa Kano bai kai kilomita 200 ba, alhali Yamai ta fi kilomita 900. Mutumin Magariya ya bi ta Tinkim ya faɗa Babban Mutum da Ɓaɓura, na Dungas ya bi ta Maigatari, inda kasuwar ranar Alhamis ke haɗa dabbobinmu da masu saye daga kudu. Kasuwar Ƙofar Ruwa da ta Sabon Gari su ne rumbun kayan gyaranmu tun zamanin iyaye. A yau ma ba sai mutum ya taka da ƙafarsa ba: ya ɗauki hoton ƙarfen da waya, ya tura wa wani ta WhatsApp, ya aika kuɗi, a ba direba saƙo, ya zauna jira. Duk wannan harka a kan amana take tafiya, kuma babu shakka amanar nan ta rufa wa jama'a da yawa asiri.

To amma kukan da ake ji a tasha da kasuwa da layukan wayar gidajen rediyo ya nuna akwai gyara. An faɗa wa mace kuɗi kaza, kaya sun iso an ce sai ta cika, don "hanya ta ci". An ce gobe, goben ta zama mako biyu. An kawo ƙarfe, bakanike ya gwada ya ce ba lambarsa ba ce. An biya kuɗin na asali, an kawo jabu. Kaya sun fashe a bayan mota ƙarƙashin buhuna, direba ya ce haka aka ba shi, mai shago ya ce lafiya lau suka bar hannunsa. A ƙarshe asarar a kan mutum ɗaya take sauka, wato mai ƙaramin jari, wadda ba ta da takarda ko shaida, ba ta kuma san fuskar wanda ya sayar mata ba.

A namu ra'ayin, tsadar hanya ita kaɗai ba ita ce babbar cutar ba. Babbar cutar ita ce mai kaya ba ya sanin kuɗin hanyar sai bayan ya riga ya shiga. Farashin gaskiya na kowane ƙarfe shi ne abin da mutum ya kashe har ƙarfen ya hau inji, inji ya tashi. Wanda ya biya kuɗi bai san wannan jimla ba, cinikin biri a sama ya yi.

Bari mu buga misali don a gane. Mu ƙaddara faranti ne aka yi cinikinsa a Kano a kan abin da ya yi daidai da jika 10 na sefa. Wajen canji da tura kuɗi jika 1 ta tafi. Wanda ya zaga kasuwa ya sayo ya ɗauki la'adarsa jika 1. Kuɗin mota jika 2. Iyaka da shingayen hanya jika 2. Kabu-kabu daga tasha zuwa ƙauye jika 1. Abin jika 10 ya koma jika 17, ba a lissafa kwanakin da inji ya yi a kwance ba. Idan kuwa aka yi rashin sa'a bai shiga ba, sai a sake sabon lale. Da tun farko an faɗa wa mai injin jika 17, da wataƙila ta nemi na jika 15 a Damagaram, wanda za ta iya mayarwa idan bai yi ba. Araha dai ba ta ado.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma ya kamata ƴan kasuwa su san abubuwan da ke kumbura kuɗin nan. Na ɗaya canji. Sefa a ɗaure take da kuɗin yuro, yuro 1 kusan sefa 656, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta yi mummunar faɗuwa: daga kusan naira 460 kan dalar Amurka 1 a farashin gwamnati, ta haura 1,500 a cikin 2024. Da yawa daga cikinmu sun yi murna, suna zaton kayan Najeriya za su yi arha ga mai sefa. Sun manta cewa mafi yawan kayan gyaran nan daga ƙasar Sin ake shigo da su ta tashar jiragen ruwa ta Legas, da dala ake sayensu, saboda haka duk faɗuwar da naira ta yi, mai shago a Kano sai ya ɗaga farashi. Na biyu man fetur. A ranar 29 ga Mayun 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, kuɗin mota ya tashi a ɓangarorin iyaka biyu, tun da mu ma man bumburutu na can muka saba sha.

Na uku rufe iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, sai a Disamban 2020 ta fara buɗewa, Maigatari na cikin ƙofofi huɗun farko. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa saboda takunkumin ƙungiyar CEDEAO, har zuwa watan Maris na 2024. A waɗannan lokuta kaya sun koma hannun ƴan fito ta hanyoyin daji, kuɗin dako ya ninka. Abin takaici shi ne an buɗe iyaka, amma wasu ba su sauko da farashin lokacin rufewa ba, kuma al'adar "kada ki tambaya, ki dai biya" ta samu gindin zama.

Na huɗu haraji. Tsarin harajin bai-ɗaya da ƙasashen yankinmu suka fara aiki da shi a 2015 ya kasa kayan shigowa gida 5: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin 100, ban da harajin TVA na kashi 19. Sassaucin da aka tanada tsakanin maƙwabta na kayan da aka noma ko aka ƙera a cikin yankin ne. Ƙarfen da aka ƙera a Sin ba ya ciki, don haka yana iya biya a Legas, ya sake biya a ƙofarmu. Bugu da ƙari, Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025, a watan Maris na wannan shekarar kuma ƙasashen ƙawancen AES suka amince da wani harajin rabin kashi 1 cikin 100 a kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙawancen. Haraji haƙƙin ƙasa ne, ba mu ja da shi. Abin da muke ja da shi shi ne kuɗin da ake karɓa ba takarda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: muddin mai kaya ba ta san abin da doka ta ce ta biya ba, kowa na iya laƙaba mata abin da ya ga dama da sunan duwan.

Ba mu ce direbobi da ƴan kamasho duk macuta ba ne. Akwai direban da ke ɗaukar saƙon tsohuwa kyauta saboda Allah, akwai wanda ke cikawa daga aljihunsa don kunyar ya dawo hannu rabbana. Shi ma direban yana fama da tsadar mai da taya, da ramukan hanya, da tsayawa a shinge bayan shinge. Hasali ma rashin takarda shi ma yana cutarsa, domin idan kaya suka ɓace ko suka lalace shi ake fara zargi, ba shi da abin da zai wanke kansa.

Matsalar kawo ƙarfe daga nesa ba ta tsaya ga masu injin niƙa ba. A shekarar 2007 duniya ta sha labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota Honda Civic da tarkacen mota da na babur, har jirgin ya ɗaga sama kaɗan. Wannan ya nuna basira da hannu akwai su a ƙasar Hausa. A Amurka da Turai akwai masu irin wannan sha'awa da ke haɗa ƙananan jirage a gidajensu, su ma aikowa suke a kawo musu sassan daga wata ƙasa, su ma suna biyan dako da kwastan mai nauyi. Bambancin shi ne kowane ƙusa da lambarsa, ana nuna musu kuɗin dako kafin su biya, ana ba su lambar bin sawun kaya, kuma akwai sharaɗin mayarwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfinmu. Littafi ne da biro da waya, sai kuma niyya.

Don haka muna kira ga ƴan kasuwa, musamman iyayenmu mata, da su riƙe abubuwa huɗu. Kada a tura ko dala sai an ji jimla gaba ɗaya, kuɗin kaya daban, la'ada daban, kuɗin mota daban, na iyaka daban, kuma a tsayar ko da naira ake magana ko da sefa, da canjin wace rana. A aika da tsohon ƙarfen da ya lalace a matsayin samfur, ko hoton lambarsa da bakanike ya ɗauka, domin ido kan yaudari mutum. A nemi rasit na shago mai suna da lambar waya, a kuma ce mai shago ya faɗa da bakinsa, a saƙon murya, cewa zai canza idan bai shiga ba. Saƙon murya shaida ne ko ga wadda ba ta yi boko ba. Sannan a buɗe kaya a tasha a gaban direba da shaida kafin a tafi gida. Kada kunya ta hana. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, saboda haka neman takarda ba zargi ba ne, kare zumunci ne.

Haka kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matan da ke adashi tare, da masu injin markaɗe na unguwa ɗaya, za su iya haɗa saƙonsu wuri guda, su wakilta mutum ɗaya amintacce ya tafi sau ɗaya a wata. Kuɗin motar da mutum ɗaya zai biya sai a raba shi goma. Abubuwan da kowa ya san suna cinyewa, kamar bel da boris da faranti, a saye su a ajiye tun inji na da lafiya, musamman kafin kakar gyaɗa da watan azumi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga ƙungiyoyin direbobi na tashoshin Magariya da Dungas, lokaci ya yi da za a buɗe littafin saƙo. A rubuta sunan mai aikawa, da mai karɓa, da irin kayan, da lambar mota, da kuɗin da aka biya, a yaga wa mai kaya rabinsa. A kafa allo a bakin tasha mai ɗauke da kuɗin saƙo gwargwadon girmansa. A kuma zauna da takwarorinsu na Ɓaɓura da Maigatari da Kano a tsayar da magana ɗaya: idan kaya suka ɓace ko suka fashe a hanya, wa zai biya, kuma cikin kwana nawa. Tashar da ta fara yin haka, ita za ta kwashe ciniki.

Ga hukumar duwan da shugabannin gundumomin biyu, muna tunatarwa cewa kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To, a fara nuna wannan a bakin iyaka. A rubuta da Hausa, da boko da ajami, abin da ƙananan kayan gyara ke biya, a liƙa inda kowa zai gani, a ba da takarda kan kowane kuɗi da aka karɓa, a kuma sanya lambar da za a kira a kai ƙara. Baitulmali ne zai fara cin riba, domin mai kayan da ta san kuɗinta kaɗan ne kuma sananne, ba za ta miƙa su ga ɗan fito ba. Gidajen rediyon yankin su ma su ware ƴan mintuna a jajibirin manyan kasuwanni su faɗi canjin naira da kuɗin saƙo, kamar yadda ake faɗin farashin tiyar hatsi da wake.

Daga ƙarshe muna jan hankalin attajiranmu na Damagaram da Magariya. Buƙatar nan a fili take, kullum kuɗinmu na fita a kan ƙarafan da za a iya sarowa da yawa a ajiye a gida. Wanda ya buɗe shagon kayan gyara na ƙwarai, mai ba da rasit, mai karɓar abin da bai shiga ba, ya taimaki jama'a kuma ba zai yi asara ba.

Kano maƙwabciyarmu ce, ƴan'uwanmu ne, ciniki tsakaninmu ya girmi iyakar da Turawa suka shata, kuma zai ci gaba. Abin da muke nema kawai shi ne mace mai jarin jika 20 ta san abin da za ta biya kafin ta kwance bakin zanenta. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu da cin haƙƙin juna, amin.