Kafin a Sayi Kwamfuta, a Daidaita Tiya

Yanzu da gero ya shiga rumbu, wake kuma ya fara isowa kasuwannin ƙasar Mayahi da Tasawa, duk wata ƙungiyar manoma a Isawane ko maƙwabtanta da ke riƙe da bankin cimaka, ko take jinginar amfanin gona bisa tsarin nan da hukumar FAO ta taimaka aka soma a Nijar wajen 1999, inda ake kulle buhuna da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da rance, lalle za ta sake fuskantar tsohuwar mas'alar nan ta daftari. Samarinmu masu ilmin zamani suna cewa maganinta a zuba kome cikin Excel ko Access. Ban ƙi ba, sai dai ina da sharaɗi.

Na'ura ba ta san dala ba. Idan manomi ya ce ya biya ɗari, nufinsa dala 100, wato sefa 500, alhali kuwa magatakarda da ya yi lakwal yana iya rubuta 100 kawai; gobe wani ya karɓi alƙalami ya rubuta da sefa, jibi kuma wani ya rubuta jika 2 a gurbin da ake jiran 2000, sai ga shafi ɗaya ya tara lissafi iri uku, na'ura kuwa ta haɗa su duka ba tare da shakka ba, ta fitar da jimla mai kyaun gani wadda babu gaskiya a cikinta. Haka al'amarin awo yake, domin buhun gero mai kilo 100 ana ƙiyasta shi tiya 40, amma tiyar wani gari ta fi ta wani ciki, kuma wadda aka yi wa tozo ba daidai take da shafaffiya ba. Saboda haka wajibi ne ƙungiya ta yanke hukunci tun farko, kuɗi da sefa, hatsi da kilo ko da tiya guda sananniya da ke rataye a ma'ajiya, a rubuta wannan ƙa'ida bisa kan shafi.

Sunaye ma haka. Mutum ɗaya yakan fito sau uku, da rubutun Faransanci, da na boko, da laƙabin da aka san shi da shi a gari, bashinsa ya rabu uku, ko kuwa takwarori biyu su zama mutum guda. A ba kowa lamba da ba ta canzawa, a haɗa da sunan uba da na ƙauye.

Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma abin da na fahimta daga hikimarta shi ne, rubutu shi kaɗai ba ya wadatarwa sai da idon wani. Matan ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar agaji ta CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991, da yawansu ba su yi karatu ba, amma da yake a gaban kowa ake ƙirga zubi, asusunsu yakan fi na wasu masu kwamfuta tsabta. Wanda ya shigar da lissafi kada ya zama shi ne mai tabbatar da shi. Kuskure kuma ba a goge shi, sai a ƙara layin gyara da kwanan wata. Kwafi na biyu ya kwana a wani gida dabam, gama ƙura da zafin bazara ba su jin tausayin na'ura, dokar kasuwanci ta OHADA kuwa shekara 10 ta ce a adana takardun hisabi.

Game da rahoto, na ga waɗanda ake ƙawatawa da zane-zane domin baƙin da ke zuwa daga Yamai, alhali masu hatsin ba su taɓa jin abin da ke ciki ba. Wanda ya fi amfani shafi ɗaya ne a ƙarshen kowane wata, da Hausa, mai faɗin buhu nawa ya shiga, nawa ya fita, wa ake bi kuma yaushe wa'adinsa, tare da farashin da SIMA, hukumar da ke bin farashin amfanin gona a kasuwanni, ta sanar domin a gwada. A karanta shi da ƙarfi a taron ƙungiya, sa'an nan a buɗe kwaɗon nan biyu, mutum uku su shiga su ƙirga buhunan da hannu.