Malamin Da Aka Tura Ƙauye: Ya Koya Kafin Ya Koyar

Kowace shekara, da zarar an sallami 'yan bautar ƙasa daga sansaninsu na Katsina bayan mako uku na fareti, akan ga samari da 'yan mata riƙe da takarda suna tambayar ina ne Baure, ina ne Zango, ina ne Sandamu ko Mai'adua. Waɗannan huɗun tare da Daura su ne ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, can kusa da iyakarmu da Jamhuriyar Nijar. Da yawa cikin yaran nan 'ya'yan ikilisiya ne daga Filato, ko Binuwai, ko jihohin kudu, kuma koyarwa ce aikin da ake ba mafi yawansu. Amma tun kafin yaro ya ga ƙauyen da idonsa, sai ka tarar iyaye sun shiga neman wanda ya san wani, domin a mayar da ɗansu birni. Mu a ganinmu, wanda aka tura ƙauye ya je ya zauna ya cika shekararsa, mu kuwa mu taimake shi zaman ya yi daɗi.

Ba mu raina tsoron iyaye ba. Muna tune da 'yan bautar ƙasa da aka kashe a Jihar Bauchi cikin rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2011. Muna tune kuma da ɗalibai fiye da 300 da 'yan bindiga suka kwashe a makarantar Ƙanƙara cikin watan Disamba na 2020. Inda aka tabbatar babu tsaro, kada a bar ɗan kowa ya kwana. Sai dai Jihar Katsina tana da faɗi. Ƙanƙara tana ta wajen kudu maso yamma, Daura tana arewa maso gabas. Ya kamata a bincika halin kowane gari wurin mutanen da ke zaune cikinsa, ba a yi wa jiha duka kuɗin goro ba.

Mu tuna dalilin aikin. Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin bautar ƙasa ranar 22 ga Mayu, 1973, shekara uku bayan ƙarewar yaƙin basasa, domin 'ya'yan ƙasa ɗaya su san juna. In kowa ya gudu zuwa inda ya saba, to, me aka yi ke nan? Hasarar kuma a kan ɗan talaka take faɗawa. Makarantar birni ba ta rasa malamin lissafi. A ƙauye kuwa, in malamin da aka turo bai zo ba, yaran nan za su iya ƙare zango ba wanda ya buɗe musu littafin.

To, yaya baƙo zai zauna? Mutanen Daura suna da amsar cikin tarihinsu. An ce Bayajidda ya iso garin da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa. Daga bakinta ya ji labarin macijin da ya hana jama'a ɗibar ruwa a rijiyar Kusugu. Da bai sauka gidan wani ba, da bai tambaya ba, da bai san abin da ke damun gari ba. Baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Saboda haka farkon aikin malami gaisuwa ne. Ya roƙi hedimasta ya kai shi wurin mai gari da limami, ya cire takalmi, ya rusuna, ya faɗi sunansa da garinsu. Kada ya wuce majalisar dattawa bai yi sallama ba. In an yi rasuwa ya je ta'aziyya, in an yi suna ya je barka, gama zumunta a ƙafa take. Namiji ya san cewa ba a shiga gidan matan aure, iyakarsa zaure. Mace ta lura da suturar matan gari, ta nemi zane da mayafi. Ba wanda ya ce ta bar bangaskiyarta, mutunci ne take saya wa kanta. Ran da aka aiko yaro da ƙwaryar fura, a karɓa hannu biyu, a mai da ƙwaryar da ɗan abin alheri a ciki.

Na biyu, harshe. Yaron ƙauye yakan zo aji da Hausa kaɗai, wani ma da Fulatanci. Malamin da ya tsaya yana zuba Turanci awa guda, allo ya koya wa, ba yara ba. Dokta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya tun 1905, sai da ya fara zuwa Tarabulus ya koyi Hausa kafin ya shigo ƙasar nan, kuma da hannunsa cikin fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932. In likita daga Ingila ya yi haka, ɗan Nijeriya ba shi da hujja. Kalma goma a rana ta isa, yaran da kansu za su koya masa, har su yi ta dariyar karin harshensa. Daga wannan dariya ake fara shaƙuwa.

Na uku, ya san shekarar manomi. Ana komawa makaranta a watan Satumba, daidai lokacin da gero ya nuna. In aji ya ragu, ba lalaci ba ne, yara suna gona. Da hunturu sanyi yakan hana su fitowa da wuri, da bazara kuwa zafin kwano yakan hana kowa tunani bayan azahar, sai a koma gindin bishiya. Yawancinsu sun riga sun yi karatun allo tun da asuba kafin su iso. Yarinyar da ta makara, wataƙila talla ta kai. Kafin a ɗaga bulala a je a ga uban yaro a zaure. Watan azumi kuma malami ya ci abincinsa a ɗaki, ba gaban ɗalibai ba.

Na huɗu, ya kiyaye bakinsa da wayarsa. A watan Oktoba na 1961 wata budurwa 'yar Amurka, cikin rukunin farko na Peace Corps da suka zo koyarwa, ta rubuta kati a Ibadan tana kwatanta talauci da ƙazantar da ta ce ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗalibai, aka yi zanga-zanga, ta bar ƙasar ba ta koyar da kowa ba. Yau hoto ɗaya a Facebook na yara marasa takalmi da kalmar ba'a a ƙarƙashinsa ya isa ya yi wannan ɓarna, ya kuma ja wa waɗanda za su zo bayansa. Ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Iyayen yaran nan Musulmi ne, sun ba malami amanar 'ya'yansu domin ya koya musu karatu. Kada ya mai da aji wurin wa'azi, ko ya shiga gardamar addini a kasuwa. Kada kuma ya ɓoye ko shi wane ne. In an tambaye shi, ya amsa da tawali'u. Zuwa aiki kan lokaci, duba littafin kowane yaro, da ƙin karɓar kwabo don a ba da maki, wannan shaida ce da ba mai iya musu a kanta.

Sauran magana tamu ce, mu ikilisiyoyi masu jin Hausa. Mu ne muka san harshen, muka san al'adar, amma sau da yawa yaran nan sukan zo su tafi ba mu san sunansu ba. Dattawan ikilisiya a Daura da kewaye su nemi jerin waɗanda aka turo, a ba kowane ɗaya gidan da zai riƙa sauka in ya shigo gari sujada ranar Lahadi. Zumuntar Mata ta tanadi gidan sauro da bokiti da tabarma, ta koya wa 'yan matan tuƙa tuwon dawa da kaɗa miyar kuka. Matasa su keɓe awa ɗaya bayan sujada don darasin Hausa. Dattijo guda ya raka baƙo gaisuwar mai gari, ya kuma riƙa sanar da iyayensa a waya halin da yake ciki. Uwar da ta ji muryar dattijo daga Daura yana cewa ɗanki yana hannunmu, ba za ta tashi neman a canja masa wuri ba.

Baƙo raɓa ne, shekara ɗaya kamar gobe ce. Amma yaron da ya iya karanta wasiƙar ubansa a hannun wannan baƙo zai riƙe sunan malaminsa har tsufa. Allah ya kiyaye 'ya'yanmu a duk inda aka tura su, ya ba mu zuciyar karɓar baƙi. Amin.