Wanda Bai Taka Hanya Ba Kada Ya Nuna Mana Hanya

A zamanmu na ƙarshe wani ɗan'uwa ya kawo shawara, wai mu ɗauko littattafan nan da Turawa ke wallafa wa matafiya a mota, mu juya su zuwa Hausa mu sayar. Har aka tafa masa. Ni dai ban tafa ba, kuma ga dalilina.

Da farko mu san asalin abin. Kamfanin taya na Michelin a Faransa ya fara raba irin wannan littafi kyauta a 1900, yana nuna wa direbobi inda za su sami mai da makaniki da masauki. Me ya sa? Don mutane su yi ta yawo, taya ta cinye, su koma su sayi wata. Ban ce laifi ba ne, kasuwa ce. Amma wanda ya rubuta don taya ta ƙare ba lallai ne ya damu da inda za ka kwana ba.

Babbar cutar waɗannan littattafai ita ce tsufa. Kafin a tattara bayani, a gyara, a buga, a kawo kanti, hanya ta riga ta sake kama. Littafin da ya ce ka bi ta Daura da Kwangwalam ka kwana Damagaram bai san za a rufe iyaka a 2019 ba, bai san za a sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar ba. Wanda ya lissafa maka kuɗin mai kafin a janye tallafi a watan Mayun 2023, to a tsakiyar daji zai bar ka. Otal ɗin Durbar na Kaduna an rushe shi a 2020, na Bagauda kuwa tuni ya zama makarantar horar da lauyoyi, amma a tsohon littafi suna nan daram, da ɗakunan kwana da komai. Kai, ko bishiyar Tenere da ayari suka daɗe suna gane hanya da ita a hamadar Nijar, mota ce ta ture ta a 1973.

Ni ganau ne. Na taɓa fita da ɗalibaina yawon buɗe ido, na dogara da wani littafi da ya rantse akwai gidan mai da wurin cin abinci a wani ƙauye. Muka tarar da kango, awaki na kwance a inuwarsa. Yara talatin, rana ta take, ga ƙishirwa. Wani direban tasha da bai taɓa shiga aji ba shi ya fid da mu, ya gaya mana inda gada ta karye da inda za mu ratse. Kunyar da na ji a gaban yaran nan har yau ba ta sake ni ba.

Za a ce ai yanzu akwai taswira a waya. Haka ne, sai dai waya ba ta san ranar kasuwar Maigatari ba, balle ta ce maka kada ka bi hanya kaza bayan la'asar.

Ba ina cewa kada a rubuta ba ne. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, kuma abin da ya ba littafin daraja shi ne da ƙafarsa ya je. Mu kuwa muna son mu zauna a ɗaki mu kwafi abin da baƙo ya gani ta tagar mota shekaru goma da suka wuce, mu sa sunanmu a bango, alhali mai karatu zai ɗauki iyalinsa ya hau hanya bisa maganarmu. In an yi dare a inda bai kamata ba, wa zai amsa?

Duk mai son rubuta jagoran hanya a cikinmu, ya shiga motar haya, ya zauna da 'yan kamasho, ya sa ranar da ya bi kowace hanya a saman shafi. In shawarar fassarar nan ta sake tasowa a taro mai zuwa, zan miƙe in tambayi mai ita yaushe rabonsa da hanyar Jibiya.