Amurka 1861: bauta ce ta haddasa yaƙin

Har yau akwai masu cewa yaƙin basasar Amurka rikici ne a kan ƴancin jihohi. Ƴancin yin me? Na ci gaba da mallakar bayi kusan miliyan 4. Takardar ɓallewar Karolina ta Kudu da kanta kuka take cewa jihohin arewa sun ƙi maido bayin da suka tsere.

Abraham Lincoln ya ci zaɓen 1860 bisa alkawarin hana bauta shiga sababbin yankunan yamma, bai ce zai ƴanta bayin kudu ba. Amma masu gandaye suka ƙi hukuncin ƙuri'a. Tun kafin a rantsar da shi jihohi 7 suka ɓalle, 4 suka bi su bayan harin Fort Sumter a 1861.

Lissafinsu na kasuwa ne, kuma ya karye. Sun zaci masaƙun Ingila ba za su rayu ba sai da audugarsu, don haka dole turawan su agaza musu. Jiragen arewa suka toshe tashoshin ruwa, Ingila ta koma saye a Masar da Indiya. Bayan shelar ƴanta bayi ta 1863, baƙar fata wajen 180,000 suka shiga sojan arewa. Kafin Janar Lee ya miƙa wuya a 1865, mutum sama da 600,000 sun halaka.