Rajistar Tsangayu: Ɗan Talaka Ma Ɗa Ne

A Jihar Kano mai buɗe makarantar kuɗi sai da rajista, mai shagon magani sai da lasisi. Amma mutum yana iya kwaso yara hamsin daga ƙauyukan Bebeji ko Doguwa ya zuba su a zaure guda, ba mai tambayarsa makwancinsu ko abincinsu, muddin ya ce karatun allo zai koyar.

Mun ga abin da wannan sakaci ya haifar. A watan Satumba na 1999 da ƙari ashirin, wato 2019, 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. A 2020, da annobar korona ta sauka, aka tara almajirai a sansanoni, har da na Ƙiru, sannan aka shiga cigiyar garuruwan iyayensu.

Masu cewa rajista cin mutuncin addini ce, muna tambayarsu: yaushe kiyaye amana ya zama saɓo? Alaramman kirki ba ya tsoron a leƙa tsangayarsa. Azzalumi kaɗai wannan rangwame yake rufa wa asiri. Nasu 'ya'yan kuwa suna makarantu masu rajista.

An kafa hukumar almajirai ta ƙasa a 2023. Saboda haka muna kira ga ƙananan hukumomin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa su rubuta kowace tsangaya da yawan yaranta, su duba ruwa da makwanci, su tallafa wa malamin da hatsi. Wanda ya ƙi, a mayar da yaran ga iyayensu.